Goro da Alawar Malam Garzali

Duk wanda ya san Malam Garzali a Greensboro ta ƙasar Amurka ya san shi da baki. In an idar da Juma'a aka fito filin ajiye motoci, kafin wani ya gama neman takalminsa Garzali ya gyara wutar lantarkin Najeriya, ya sauke gwamnoni biyu, ya naɗa wa ƙungiyar ƙwallon ƙasa sabon koci. Ba ya tsoron kowa, in ji shi. Mu ma da muke tsaye muna gyaɗa masa kai ba ma tsoron kowa, musamman da yake duk waɗanda muke caccaka suna can bayan teku. Sai a shekarar 2012 aka samu maganar da ta tsaya wa wannan bakin a maƙoshi, kuma daga gidan da ke jikin nasa ta tsallako.

Gidansa yana McLeansville, can gabas da gari, inda gidaje suke warwatse a tsakanin gonaki. Matarsa Fa'iza ce ta zaɓi wurin saboda tana son fili ta shuka kuɓewa da yakuwa. Maƙwabtansu mata biyu ne masu shekaru, Loreta da Gwen, kuma sun daɗe a gida ɗaya fiye da daɗewar Garzali a Amurka. In muka kai ziyara muka tambaya su wane ne, sai ya ce, "Ya da ƙanwa ne." Loreta baƙa ce doguwa, Gwen Baturiya ce gajera mai jan gashi. Mu kuwa sai mu ce, "Allah sarki, ga kama nan," mu ci gaba da cin abinci. Kowa ya sani, shi ma ya san mun sani, amma mun iya barin magana ta zauna a inda aka ajiye ta.

Aikin Garzali tuƙin motar wani kamfani ne mai kai tsofaffi da marasa lafiya asibiti. Da ciwon daji ya kama Fa'iza, sai ya zama yana yini yana kai iyayen wasu wurin likita, tasa matar kuma ba shi da izinin ɗaukarta a motar. 'Yarsu ɗaya, Afnan, tana aure a Texas da ƙananan yara. Mu mun je dubiya, ba a ce ba mu je ba. Mun je da lemo da ayaba, mun yi addu'a, mun tashi. Amma mai kai ta asibiti ta dawo da ita, mai riƙe mata kai in tana amai, mai canza mata zanin gado, matan nan biyu ne. Wata rana da jikin ya ɗan yi sauƙi Fa'iza ta kira shi.

"Baban Afnan," ta ce, "matan nan sun wanke ni lokacin da ban iya wanke kaina. Duk ranar da suka nemi wani abu a wurinka, kada ka ba ni kunya."

Ya ce, "In sha Allahu." Ya faɗa da gaske, har da hawaye. A ransa dai yana ganin abin ba zai wuce aron tsani ko yankan ciyawa ba. Bayan 'yan makonni Allah ya yi wa Fa'iza rasuwa.

Shekara ta zagayo ba su nemi komai ba. Ya yanke musu ciyawa ba su tambaya ba, ya gyara musu famfo ya ƙara lalata shi, har ya fara jin kamar ya sauke nauyin. Sai ga Loreta wata safiya ta jingina da shinge, ta kira shi da sunan da ta saba, Mista Ji, wato harafin farko na sunansa a Turance, don harshenta ya kasa Garzali tun ranar farko.

Ta yi masa bayani dalla-dalla. A watan Mayu jihar da muke zaune za ta yi ƙuri'ar raba gardama, a rubuta a kundin tsarin mulkinta cewa babu wani zaman tare da doka za ta sani sai auren mace da namiji. Dama can doka ba ta ba irinsu damar aure ba, amma wannan rufe ƙofa ne a sa kwaɗo. Ita abin da yake hana ta barci Gwen ce. Gwen tana da ciwon zuciya, kuma maganinta a ƙarƙashin inshorar aikin Loreta yake. Tana tsoron a cire ta. Tana tsoron ranar da za a kwantar da Gwen, wani a bakin ƙofa ya tambaye ta ita wace ce, ta rasa amsar da za a karɓa.

"Muna bi gida-gida muna roƙon mutane su ce a'a," in ji ta. "Ina so ka taya mu."

Garzali ya san abin da addininsa ya ce a kan auren jinsi, kuma ba a wannan safiyar ya canza ra'ayi ba. Da ƙodarsa guda ta nema da ya fi masa sauƙi, don ita ƙoda in ka bayar ba mai gani. Ya dubi gefen da Fa'iza take shuka kuɓewa, wanda ciyawa ta cinye. Sannan ya ji bakinsa, wannan baki da ba ya shawara da shi, ya ce, "Ba komai, Anti Loreta. Zan zo."

Ranar Asabar ta ba shi riga shuɗiya mai rubutun kamfen ɗin a ƙirji. Ya karɓa da godiya, ya shiga ɗaki ya sa ta, ya ɗora kaftani a kai ya ɓalle maɓalli har wuya. Ko a gaban alƙali zai iya rantsuwa ya sa rigar. Loreta ta dube shi sama da ƙasa, ta miƙa masa takardun rabawa.

Suka nufi East Greensboro, wata unguwa mai coci a kowane lungu. Ta ɗauki hannun dama na titi, ta bar masa hagu. Ta koya masa yadda ake yi: ka buga ƙofa, ka faɗi sunanka, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka miƙa takarda, ka wuce. Garzali ya ji wannan tsari ya ga rashin tarbiyya ne zalla. Ta yaya za ka tsaya a ƙofar mutum ka hau shi da buƙata ba ka tambayi kwanan iyalinsa ba? A gida na farko ya gaishe da mai gidan, ya tambayi aiki, ya tambayi yara, ya tambayi gajiya, yana shirin tambayar sanyi mutumin ya ce, "Me kake sayarwa?" ya rufe ƙofa. A gida na biyu kare ne ya amsa, kuma Garzali bai tsaya jin ƙarshen bayaninsa ba. A na uku ya samu wata tsohuwa wadda ta daɗe ba ta samu mai tambayar lafiyarta ba. Ta shigar da shi, ta ba shi shayi mai ƙanƙara, ta ba shi labarin gwiwoyinta tun daga farko. Ya faɗa mata ta riƙa shafa man kaɗanya da ɗumi. Suka rabu kamar ɗa da uwa. Yana fitowa ya tarar Loreta ta gama nata layin ta gama nasa, tana zaune a kan bonet tana jiransa.

"Me ta ce game da ƙuri'ar?"

"Ba mu kai nan ba tukuna."

Loreta ta yi dariya har ta share hawaye. Da ta nutsu ta ce masa ya bar mata baƙin ƙofofi. "Ka je wurin mutanenka, Mista Ji. Ni ba za su buɗe mini ba. Kai suna jin maganarka, Fa'iza ta ce in ka fara ba mai katse ka."

Nan ne ya gane cewa kare ya fi masa sauƙi.

Ya kwana biyu yana tsara dabara. Ya ga ba sai ya bi kowa ba, in ya samu Alhaji Ma'aruf ya samu sauran. Alhaji Ma'aruf shi ne dattijonmu, ya riga kowa zuwa garin, yana sayar da motoci na hannu, kuma a falonsa ake raɗa suna, a sasanta ma'aurata, a haɗa gudummawar kai gawa gida. To amma magana mai nauyi ba a kai wa babba ita hannu rabbana, kuma ba a kai ta da kayan zuwa aiki. Garzali ya ciro babbar rigarsa ta shadda wadda rabonsa da ita tun bikin Afnan, ya kafa hula, ya fesa turare. Ya biya shagon Tchima, wata 'yar Nijar mai sayar da kayan abincinmu, ya ce ta zaɓo masa goro farare manya.

Tchima ta dubi rigar, ta shaƙi turaren. "Bon, Malam, ina aka nufa haka?"

"Gidan Alhaji Ma'aruf. Wata 'yar magana ce."

"To goro ba ya tafiya shi kaɗai." Ta ɗauko fakitin alawa ta ɗora a kai. "Wannan kado ne, kyauta daga gare ni. Allah ya sa a dace."

Ya ce amin da ƙarfi, yana mamakin yadda matar nan take da kirki. Mutumin da ya shekara hamsin da wani abu yana Bahaushe, ya halarci ɗaurin aure ba adadi, ya fito daga shago da babbar riga da goro da alawa, matarsa ta rasu shekara guda, ya nufi gidan da akwai bazawara, kuma ko kaɗan bai ji wani abu ya motsa a kansa ba. Hankalinsa duk yana kan jawabin da ya haddace.

Bazawarar ita ce Bebi, ƙanwar Alhaji. Aurenta ya mutu a Kano, yayanta ya kawo ta, tana aikin kula da tsofaffi a wani gidan jinya. Mace ce mai tsabta da kaifin baki, ba ta barin ta kwana.

Alhaji ya karɓe shi hannu biyu. Aka gaisa, aka sake gaisawa. Garzali ya ajiye ledar a gefen kujerar Alhaji, ya gyara murya. Jawabin yana nan tsaf: haƙƙin maƙwabtaka, da cewa yau in an yi ƙuri'a a kan gidan wasu gobe ana iya yi a kan namu, mu da muke 'yan tsiraru a ƙasar mutane. Ya buɗe baki, ya dubi farin gemun Alhaji da carbin da ke hannunsa da hoton Ka'aba a bango, sai ya ji kansa yana tambayar yadda kasuwar motoci take. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe. Rabon Garzali da abincin da aka tuƙa da muciya tun kafin Fa'iza ta kwanta, burodi da sardin ne suka riƙe shi. Ya ci har ya ji kunya, ya ƙara. Da ya tashi tafiya ya ce, "Alhaji, dama akwai wata magana, amma sai na dawo."

Alhaji ya leƙa ledar, ya yi murmushi. "Babu gaggawa, Malam Garzali. Take your time. Gidanka ne."

Ya dawo Asabar ta gaba, da sabon goro, da alawar da Tchima ta ƙi karɓar komai a kanta. Ya sake dawowa. Kullum da rigar kamfen a can ƙasa tana jiƙewa da gumi, takardun Loreta kuma suna but ɗin mota ko ɗaurinsu ba a kwance ba. Kullum sai ya kai bakin maganar ya kauce. Ya yi wa Alhaji bayanin farashin fetur, ya yi masa tarihin jirgin ƙasan Kano zuwa Nguru. Bebi ta fara kawo abincin da kanta maimakon ta aiko, tana cewa, "Malam, yau kuma wace ƙasa za a gyara mana?" Shi kuwa sai ya yi dariya ya rasa amsa, abin da bai taɓa faruwa da shi ba. In ya dawo gida Loreta ta tambaye shi ta kan shinge, sai ya ce, "Ana kan magana." A gaskiya ya kai inda shi kansa bai san me yake mayar da shi gidan ba, alƙawarin Fa'iza ko miyar Bebi. In ya tuna haka sai ya ji haushin kansa, ya yi alwashin mako mai zuwa zai faɗa.

Mu kuwa a waje tuni mun gama ɗaura auren. Tchima ta faɗa wa duk wanda ya shigo sayen daddawa. A masallaci ana ce masa ango, yana ɗauka tsokanar babbar riga ce. Mata sun fara maganar anko.

Ranar Lahadin da ta rage kwana kaɗan a yi ƙuri'a, Alhaji ya kira shi a waya ya ce ya zo bayan la'asar. Garzali ya ce yau ko ana ha maza ha mata sai ya faɗa. Yana shiga ya ga falon cike. Ga Malam Badaru mai ja mana salla, ga Laouali mijin Tchima, ga dattawa sun jeru a kan kafet. A tsakiya an ajiye faranti babba, goronsa ne duka a kai, wanda aka adana a firij cikin jiƙaƙƙen tsumma, alawar kuma an zuba ta a gefe. Daga kicin ana jin ƙamshin soyayyen nama da dariyar mata ƙasa-ƙasa.

Sai a lokacin abin ya faɗo masa. Ya dubi farantin, ya dubi rigarsa, ya ji kamar a buɗe ƙasa ya shige.

Alhaji ya yi gyaran murya. "Malam Garzali, mun ga zuwanka, mun ga kunyarka, kuma mun yaba. A zamanin nan da yara suke neman aure ta text, samun mai kunya irin taka sai an tona. Shi ya sa na ce bari in hutar da kai. Na yi shawara da ita, na yi da 'yan'uwa a gida. Na ba ka Bebi."

Falon ya ɗauki "Ma sha Allah." Malam Badaru ya fara tattara hannun riga zai ɗaga hannu.

Abin da ake so daga Garzali kalma ɗaya ce, ya ce alhamdu lillahi. Kuma yana so ya faɗa, wannan shi ne abin da ya fi ba shi tsoro. Yana son matar. Ya gaji da gidan da ba motsin kowa sai na firij. In ya yi shiru ya samu mata, ya samu suna, ya samu surukin da kowa yake girmamawa, Loreta kuma ba za ta taɓa sani ba, zai ce mata an yi magana ba a dace ba. Mutum ɗaya ce kawai za ta sani, ita kuma tana maƙabarta. Ya ji muryarta kamar tana gefensa, ba da faɗa ba, yadda take magana in ta gaji.

"Alhaji," ya ce, muryarsa ta fito siririya kamar ba tasa ba. "A dakata da fatiha. Ni fa ƙuri'a na zo nema."

Laouali ya ce, "Takara kake yi?"

"A'a. Ƙuri'ar ranar Talata. Ta maganar auren nan. Na zo in roƙi a ce a'a."

Ya nemi jawabin da ya haddace, ya tarar babu ko layi ɗaya. Mutumin da yake sauke gwamnoni a filin mota ya tsaya yana murza hula a hannu.

Malam Badaru ya sauke hannunsa a hankali. "Malam Garzali, ka san me kake faɗa kuwa? Saboda matan nan na gefen gidanka?"

"Su ne."

"Ai ka ce ya da ƙanwa ne."

"Na faɗa. Ku ma kun ce kun ga kama."

Ba wanda ya yi dariya. Malam Badaru ya ce, "Haram ba ta zama halal don mai yin ta yana da kirki."

"Ban ce ta zama ba, Malam. Ni ba malami ba ne, ban zo da fatawa ba." Ya dubi dattawan. "Ranar da Fa'iza za ta cika ina kan babban titi, go-slow ya riƙe ni, da mahaifin wani a bayan mota. Kafin in isa ta tafi. Kun yi mini ta'aziyya kun ce ta yi kyakkyawan ƙarshe, ta cika da kalmar shahada, na ce alhamdu lillahi. Ba wanda ya tambaye ni wa ya tuna mata. Tun tana da ƙarfi ta zaunar da Loreta ta koya mata, don ta san ni ina hanya kullum. Matar nan ba ta jin Larabci, coci take zuwa. Ta durƙusa a kunnen matata tana maimaita mata har ta amsa, Gwen tana riƙe da hannunta. Yanzu ita take tsoron ranar da tata za ta kwanta a hana ta shiga ɗakin. Fa'iza ta ce kada in ba ta kunya. Abin da ya kawo ni ke nan. Na kasa faɗa ne, na yi ta cin tuwo."

A kicin an daina motsa tukunya. Wani dattijo ya sunkuyar da kai yana jan carbi da sauri. Laouali, wanda ba ya iya zama cikin shiru, ya ce shi dai ko yana so ba shi da ƙuri'a, green card gare shi, takardar zama kawai. Na kusa da shi ya ce shi ma haka. Aka duba aka ga a duk falon masu ikon jefa ƙuri'a ba su cika hannu ɗaya ba. Wato Garzali ya yi wata guda yana gumi a cikin riga uku saboda ƙuri'un da yawancinsu babu su.

Alhaji Ma'aruf bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi sauƙi. "Maganar ƙuri'a tsakaninka da Ubangijinka. Amma ka shigo gidana da goro, ka ci abincina, ka bari na kira Kano, ka sa ƙanwata a bakin mutane. Wannan fa?"

"Na yi kuskure, Alhaji. A yafe ni. In har yanzu ana..."

"Ba a yi."

Garzali ya tashi, ya yi sallama, aka amsa a ciki-ciki. Ya tsaya neman takalminsa a bakin ƙofa ya daɗe, ba don ya ɓata ba. A gidan Alhaji ko yaro ya zo sai an taka masa zuwa mota. Ranar ba wanda ya tashi, ni ma da nake ba ku labarin ina zaune.

Washegari da yamma yana tsaye a tsohuwar gonar kuɓewa mota ta tsaya a ƙofar gidansa. Bebi ce, da kayan aikinta a jiki, riƙe da leda. Ba ta shigo ba.

"Yaya ya ce a dawo maka da kayanka. Na ce ni zan kawo, don in ga fuskarka."

"Hajiya Bebi, wallahi ban yi da niyyar..."

"Na sani. Ai da niyya ce da na ji sauƙi, sai in ce mugu ne. Da ka buɗe baki tun zuwan farko, da zagin Yaya kawai za ka sha." Ta miƙo ledar, ya ga lalle ja a yatsunta, sabo. Ya kasa ɗaga ido. "Namiji har namiji, ka zauna ka cinye mana shinkafar wata guda."

Ta juya za ta tafi, sai ta tsaya tana kallon gidan maƙwabta, inda aka kafa allon kamfen a kan ciyawa.

"Wacce ce a ciki ta yi wa matarka shahadar?"

"Doguwar."

Bebi ta daɗe tana kallo. "A wurin aikina na ga masu mutuwa ba kowa a kansu," ta ce. Ya ɗauka za ta ƙara wani abu, har ya fara tambayar ko ranar Talata za ta fita. Ta katse shi. "Ƙuri'ata ba a tambayarta, Malam. Kai dai ka riƙe goronka." Ta shiga mota ta tafi.

Ranar Talata ya je ya jefa tasa kafin ya tafi aiki. Masu cewa e suka yi nasara a jihar, da rata mai yawa.

Da safe ya leƙa ta taga ya ga su biyun zaune a barandarsu, kofunan shayi a gabansu. Ya san abin da ake yi in abu ya samu maƙwabci: ka je ka zauna, ko ba ka da abin faɗa. Haka suka yi masa lokacin Fa'iza. Sai dai ba a zuwa hannu rabbana, kuma a gidan babu komai sai burodi da sardin. Ya ɗauki ledar da Bebi ta kawo ya tsallaka.

Ya zauna a kan matakala. Bayan wani lokaci ya ce, "Anti Loreta, ban samo muku kowa ba. Ƙuri'a ɗaya na kawo, tawa. Takardunki ma suna but."

"Na sani, Mista Ji," ta ce. "Na gan su ranar da ka buɗe za ka ɗauko taya." Ta ɗan yi murmushi, idanunta a kumbure. "Amma ka faɗa musu?"

"Na faɗa."

"Me suka ce?"

"Ba su raka ni mota ba."

Ba ta gane ba, amma ta ga fuskarsa, ta ɗora hannu a kafaɗarsa ta ɗauke. Don ya kauce wa idonta sai ya buɗe ledar, ya zuba goron da alawar a kan ɗan teburin da ke tsakaninsu. Gwen ta ɗauki ɗaya tana juyawa.

"Wannan fa? Na sha ganinsa a hannun Fa'iza. Me ake yi da shi a wurinku?"

Garzali ya dubi teburin. Goro fari, alawa a gefe, mutum biyu a zaune. Ya ce a ransa lallai shi ba ya koyon darasi. Yana iya cewa maganin barci ne, ko abin karɓar baƙi, duk ba ƙarya ba ne. Amma ya gaji da irin wannan gaskiyar.

"In an ɗaura aure ake rabawa," ya ce.

Loreta ta juyar da kai tana kallon titi, kafaɗunta suna rawa. Gwen ta kai goron baki ta gatsa, nan take fuskarta ta yamutse.

"Da ɗaci," ta ce.

"Haka yake. Ki tofar, ga alawa."

Ta girgiza kai. Ta ɓare sauran gida biyu kamar yadda ta ga Fa'iza tana yi, ta miƙa wa Loreta rabi, ta ci gaba da tauna nata a hankali har ta cinye.